Ranar da Na Sallami Mutanen Bappa Ban Sani Ba

Har yau in na ji warin ɗanyen ganyen albasa sai raina ya ɓaci, kuma albasa ba ta yi mini komai ba. Laifin na wata takardar lakca ne mai shafi goma sha biyu, da malamin da ya rubuta ta, da ni kaina da na haddace ta kamar karatun allo.

A Wurno na tashi. Mahaifina malamin firamare ne, gonarsa ba ta wuce 'yar ta gero da wake a bayan gari ba, mu 'ya'yansa muke nome ta da damina. Bai taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago ba. Ni kuwa ko ina duƙe da fartanya, rabin hankalina yana cikin littattafan soyayya da yayyena mata suke haya a kasuwa, su ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni in sace. A cikin littattafan nan duk namijin kirki manaja ne. Ofishinsa a hawa na sama yake, kujerarsa mai juyawa ce, in ya shigo ma'aikata sai su miƙe. Yakan kori azzalumi da kalma ɗaya, ya share hawayen wata baiwar Allah da ta zo neman aiki, kafin littafin ya ƙare ya aure ta. Saboda haka ranar da na je cike takardar neman difloma a birnin Sakkwato, na ga akwai kwas na kula da ma'aikata, ban shawarci kowa ba. Na ce ga hanyar kujera mai juyawa.

Shekara biyu muna cushe a ɗakin lakca mai fanka ɗaya, ita ma ba ta juyawa. Malaminmu gajere ne mai son jan biro. Kullum yana zana mana dala a allo, wai matakan buƙatun ɗan Adam, yana cewa ma'aikaci mutum ne ba inji ba. Ban taɓa jin ya ce ya ɗauki ko mai wanki aiki ba. A layin gaba akwai wata 'yar garin Rabah mai farin gilashi, wadda ta fi mu duka maki. Na rubuta mata wasiƙa ta kai bakwai, ko ɗaya ban ba ta ba. A raina na riga na tsara komai: ni ne manaja, ita ce za ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Da shekarar ƙarshe ta zo aka ce kowa ya nemi inda ake da ma'aikata, ya yi hira da su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ko sun gamsu da aikinsu. Wannan shi ne furojet, binciken kammala karatu. Abokaina suka nufi gidajen burodi da gidajen mai. Ni na nufi manyan gine-gine masu gilashi, sau uku mai gadi yana mayar da ni daga bakin ƙofa. Da lokaci ya ƙure sai na tuna Bappa, ƙanen mahaifina, mai noman albasa a fadama kusa da Boyekai.

Mutum tara ne suke yi masa aikin rani. Duk shekara in an gama girbin gero sai su zo, su kafa bukka a bakin gona, ba su komawa sai an kwashe albasa. Babbansu wani dattijo ne daga Tursa, dogo, mai siririyar furfura a haɓa, kowa Baba yake ce masa, har Bappa. Ya fi shekara ashirin yana zuwa, kuma shi yake kawo sauran takwas ɗin.

Na gaya wa Bappa abin da ya kawo ni yana cikin ɗaure buhu a bayan babur.

"Tambaya kaɗai? To mi za ya hana? Tambaye su, ai ba su cizo. Sai dai gobe ina kasuwar Goronyo sayen taki, su kuma gobe suka cire iri, jibi dashe. Kar ka tsai da su da surutu."

Bai tambaye ni yadda zan yi tambayar ba. Ni ma ban ga dalilin faɗa ba, tunda a rubuce take.

Takardar lakcar ta ce a samu wuri mai shiru inda wani ba zai ji ba. A kira ma'aikaci shi kaɗai. A ba shi wurin zama mai kyau da abin sha don hankalinsa ya kwanta. A fara da yi masa godiya kan hidimarsa. Sannan a tambaye shi ko an taɓa ɓata masa rai, a ƙarshe a tambaye shi inda yake ganin kansa nan gaba.

Washegari na share rumfar da Bappa yake ajiye injin ban ruwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sayi fura ƙwarya guda wurin wata Bafulatana, na sayi goro. Na sa farin kaftanina na Juma'a, na soke biro biyu a aljihu. Da na zauna a kan wani juyayyen bokiti na hangi mutane tara duƙe suna cire irin albasa, wallahi sai na ji kamar ta tagar hawa na sama nake kallonsu.

Na fara da Baba, don takarda ta ce a girmama na gaba. Na je har inda yake na ce ina son magana da shi a rumfa.

"Ni?" in ji shi. "Hwaɗi nan mana, ɗana."

"A'a Baba, kai kaɗai nake so."

Sauran mutum takwas ɗin suka tsaya cak. Na gani, amma na ɗauka kwarjinin kaftani ne.

Ya wanke hannu a bakin rijiya a hankali, ya biyo ni. Na nuna masa tabarma. Na zuba fura na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar kafin ya karɓa.

"Alhaji ya san da wagga magana?"

"Ƙwarai kuwa. Jiya ya ba ni izini."

"To. Shi ya tahi kasuwa ke nan."

Na gyara murya yadda nake jin manajan littafi yana yi, na ce a madadin Bappa da iyalinsa duka ina yi masa godiya kan shekarun da ya yi yana wahala a wannan gona. Har na ƙara gishiri daga kaina, na ce Allah ne kaɗai zai biya shi. Na tambaye shi ko an taɓa ɓata masa rai.

"Ko kaɗan. Sai alheri."

"Nan gaba fa, a ina kake ganin kanka?"

Ya kurɓi furar sau ɗaya, ya ajiye. "Inda Allah ya aje ni. Ƙasa da faɗi take." Ya ɗauki goro ɗaya ya sa a aljihu, ya miƙe. "Ka gai da Alhaji. Ka ce mu yafi juna."

Na rubuta: ya gamsu ƙwarai, mai ladabi, mai tawakkali.

Haka na bi sauran takwas. Na biyu ya shigo yana share gumi duk da sanyin safiya. Na biyar ko zama bai yi ba, a tsugune ya sha furarsa. Kowa ya ce sai alheri, kowa ya ce mu yafi juna. Kafin azahar na gama, ina ta jin daɗi, ina cewa ashe aikin manaja ba wuya. Na bar su suna ci gaba da cire iri, na koma gidan Bappa a cikin gari na kwanta ina tunanin fuskar 'yar Rabah ranar da za a ce furojet ɗina ya fi na kowa.

Da sassafe muka hau babur ni da Bappa, da buhun taki a tsakaninmu. Tun daga nesa ya ce, "Ina hayaƙi?" Bukkar babu wuta, babu tabarmi, babu ko buta. Amma irin albasar duk an cire shi tas, an ɗaure dami-dami, an jera a inuwa, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Fartanyoyin Bappa an wanke su an jingina a rumfa. Ba su bar aikin da suka fara a rabi ba, kuma wannan ne ya fi komai muni, domin irin albasa in ya bar ƙasa ba ya jira. Kwana ɗaya, in an matsa biyu, sai ya fara yin rawaya yana ruɓewa daga gindi. Noman ranin Bappa na shekarar gaba ɗaya yana kwance a ƙarƙashin buhunan nan.

Bappa ya zagaya bukkar sau biyu, sannan ya ga sabuwar tabarma da ƙwaryar fura a rumfa. Ya juyo.

"Kai, zo nan. Ina kay yi tambayar taka?"

"A nan rumfa."

"Gaban kowa?"

"A'a, ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙa'ida ta ce."

"Baba shi kaɗai? Kai da shi?"

"I."

"Ka ba shi hura?"

"Na ba shi."

"Da hannunka?"

"Da hannu biyu ma."

"Kar dai ka ce mini ka yi mishi godiya."

"Ai da ita ake farawa, Bappa."

Bappa ya zauna daɓas a kan kunyar gona, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana salati. Sannan ya yi mini karatun da shekara biyu ba a yi mini ba. A fadamar nan, in ji shi, duk maganar aiki a fili ake yinta, a bakin gona ko a kan ƙwaryar abinci. Yabo a fili, faɗa a fili. Abu ɗaya ne kawai ake janye mutum gefe dominsa. Mai gona ba ya buɗe baki ya ce wa babban mutum na kore ka, abin kunya ne. Sai ya kira shi shi kaɗai, ko ya aiko wani na jininsa in nauyin ya yi masa yawa, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi fura da goro, a yi masa godiya, a tambaye shi ko akwai ɓacin rai. Shi ke nan. Mutum ya gane, ya naɗe tabarmarsa da mutuncinsa.

"Ba ka bar ko guda ba," in ji Bappa. "Ni da nis san abin, ban taɓa yin shi da kyau awa yadda kay yi ba. Kuma mutum tara rana ɗaya! Ko gwamnati ba ta yin haka."

Na ce ai kowa ya ce mini ya gamsu, ga shi a rubuce. Na zaro takardun. Bappa ya dube su, ya dube ni, ban san wanda ya fi ba shi haushi ba.

Ya kira Baba a waya, ya buɗe murya don in ji. Baba ya ɗauka da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya ce sun isa gida lafiya. Da Bappa ya fara bayani sai ya ce, "Ba komai, Alhaji, mun gode, Allah shi bar zumunci," ya kashe. Na ce to a nemi wasu mana, ai littafi ya ce kowane ma'aikaci yana da madadi. Bappa ya ce in nuna masa littafin da zai duƙa ya yi dashe. Makon nan kowa a fadama dashe yake yi, babu hannun da ke zaune. Ko akwai, babu mai taka gonar da aka sallami Baba sai ya ji dalili.

Muka sake jiƙa buhunan, muka hau babur sai Tursa. Hanya mai nisa, ga yashi, ga ramuka. Da muka tsaya shan mai Bappa ya ce: "Wai shekara nawa kay yi kana wanga karatu?" Na ce biyu. Ya ce, "Madalla."

Bayan azahar muka isa. Baba yana zaune a gindin wata bishiyar bedi kusa da masallaci, da dattawa wajen goma, da uku daga cikin mutanenmu. A littattafan da na karanta, irin wannan wuri ne jarumi yake durƙusawa, hawaye ya zubo, a rungume shi. Har na shirya kalmomin a kan babur. Da muka gaisa na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, don Allah in gan ka gefe."

Bappa ya damƙi wuyan rigata ta baya. "Gefe kuma? Kai wai ba ka ji?"

Wurin ya fashe da dariya. Ashe labarin ya riga mu zuwa.

"Bar shi, Alhaji," in ji Baba. "Wata hurar ya kawo. Ɗan boko, ta jiya ba ta ishe ka ba?"

Bappa ya tsaya a tsaye gaban kowa ya rantse bai aiko ni da sallama ba, ya ce shi da Baba sai dai mutuwa. Baba yana sauraro yana ɓare goro, ina jin wanda na ba shi ne. Da Bappa ya gama sai ya ce, "Na ji naka. Saura mai takarda. Wa ya koya maka sallamar mutane?"

Na ce ba sallama ba ce, hira ce ta jin ra'ayin ma'aikaci, haka aka koya mana.

"Karanta muna mu ji."

Na zaro takardar lakcar, ina karantawa ina mayarwa da Hausa. A samu wuri mai shiru. Wani tsoho ya ce, "Ɗaya." A kira shi shi kaɗai. "Biyu." A ba shi abin sha. Kafin in kai kan godiya, wani mai gyaran keke da ya matso ya riƙe ciki. "Wallahi sallama ta! Wanda yar rubuta wagga takarda ɗan fadama na, ɓoyewa ya yi!"

Na so ƙasa ta tsage. Amma haushina ya fi kunyata yawa, domin ni dai abin da aka ce in yi shi na yi, kuma da ban yi ba jan biro ne zai hau kaina.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To, in ra'ayi kaka so, tambaye ni nan. Cikin rumfa mutum ba ya ce ma ɗan mai gona komai sai alheri. Yi tambayarka."

Na ce ko an taɓa ɓata masa rai.

"An ɓata. Rubuta. Tiyon injin Bappanka shekara ukku yana yoyo, rabin ruwan ƙafafuna suka sha, ba albasa ba."

"Na ce zan sake shi," in ji Bappa.

"Tun ina da baƙin gemu kaka cewa haka. Rubuta kuma: abincin rana ba ya zuwa sai rana ta gaji. Rubuta: miyar kuka kullum, ko akuya ana canza mata ganye."

"Kai kac ce ba ka son kuɓewa!"

"Wannan shekara goma ke nan. Mutum ba ya canza ra'ayi?"

Sauran ukun suka shiga, kowa da nasa, ana dariya ana musu, Bappa yana karewa yana miƙa wuya. Na cika shafi huɗu. A rumfa mutum tara ba su ba ni layi tara ba. Da na kai tambayar ƙarshe, inda yake ganin kansa nan gaba, Baba ya nuna gabas da haɓa. "In da rai, fadamar Bappanka. In babu, ka ga itatuwan maƙabarta can bayan gari? Nan. Sai dai in ka sake zuwa da hura."

Bappa ya ce to a tashi a tafi, iri yana mutuwa. Baba ya girgiza kai. Biyar daga cikin mutanen suna wasu ƙauyuka, sai an bi su ɗaya-ɗaya, kuma kowa sai an gaya masa a gaban mutanensa, tunda a gaban mutanensa ya dawo da tabarma a kai. Yau ba zai yiwu ba. Gobe in Allah ya kai mu.

Sun zo, amma sai da rana ta take a kwana na uku. Da aka yaye buhunan wari ya bugo mu. Damin da ke ƙasa duk sun yi laushi, suna naso a hannu. Baba ya tsuguna yana zaɓa yana jefarwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Sannan ya miƙo mini dami guda, ya dubi farin kaftanina.

"Manaja, tuɓe. Ma'aikata sun yi kaɗan."

Kwana biyu ina cikin taɓo, ina dasa layi a karkace, Baba yana bi yana tugewa yana gyarawa.

Da na koma makaranta na rubuta komai yadda ya faru, har da shafi huɗun Tursa, ina ganin na zo da abin da ba a taɓa ji ba. Malam ya karanta, ya zare jan biro. Ya ce hirar da aka yi gaban jama'a ba ta inganta ba, don babu sirri. Amsoshin rumfa su ne sahihai, tunda su aka karɓa bisa ƙa'ida. Na ce Malam, ai mutanen nan ɗauka suka yi an kore su. Ya ce wannan ba ya cikin manhaja. Haka na ci jarrabawa da furojet mai cewa duk ma'aikatan gonar Bappa sun gamsu, babu mai ƙorafi ko ɗaya.

'Yar Rabah ta ji labarin a bakin wani. Ita ce rana ta farko da ta fara yi mini magana, a bakin ɗakin lakca. Ta cire gilashi tana share hawayen dariya. "Da gaske hura ka ba su? Kai, ko ƙanwata ta firamare ta san wannan." Wasiƙu bakwai ɗin nan a daren ranar suka shiga murhu, kuma ban yi kuka ba, ko da yake na so.

Lokacin kwasar albasa na sake zuwa Boyekai. An sa sabon tiyo, miya kuma ranar ta kuɓewa ce. Gona ta yi kyau, sai dai daga gefen rumfa akwai wani fili tsirara, fangali wajen ashirin da iri bai kai gare su ba, ciyawa ta rufe su. Ina tsaye ina kallo na ji Baba yana ƙwala wa wani kira daga nesa.

"Kai, kar ka aje buhu nan! Kai shi can ofishin manaja, can ne babu albasa."

Har yau haka suke kiran wurin. Bara Bappa ya shuka tattasai a ciki, amma sunan bai tashi ba.